Abin da Mutumin Baure Zai Nema a Kan Dutse

Duk wanda ya taso daga birnin Daura ya fuskanci gabas, ya ratsa Zango, ya miƙe hanyar Baure har ya dangana da Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, in dai mai lura ne da ƙasar da yake ketawa, zai tabbatar cewa Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa wannan yanki shimfiɗawa ta sosai, ya lulluɓe shi da rairayi mai karɓar gero da wake da gyaɗa da riɗi, ya tsattsayar masa da gawo da kuka da goriba, amma bai ba shi rabo mai yawa daga manyan duwatsu irin waɗanda ya kakkafa a wasu sassan ƙasar Hausa ba. Yaron da aka haifa a Maibara ko 'Yanduna yana iya girma, ya yi aure, har ya aurar da nasa 'ya'yan, alhali bai taɓa hawan abin da ya fi kuka ko soron gidan mai gari tsawo ba, kuma ba wanda zai ce rayuwarsa ta tawaya saboda haka. To, amma ga shi zamani ya shigo da wayar hannu har cikin zaurukanmu, samarinmu suna ta kallon mutanen wasu ƙasashe rataye da igiya a jikin bangon dutse, ko suna jan ƙafa cikin ƙanƙara da tulun iska goye a baya, suna kuma jin su suna faɗin cewa a can ne suka sami natsuwar zuciya da ma'anar zamansu a duniya. Wasu sukan yi dariya su ce ƙoshi ne ya yi wa masu yin yawa, wasu kuwa abin yakan tsaya musu a rai. Ni dai ina cikin masu ganin al'amarin ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira, domin abin da waɗancan mutane ke nema mun san shi tun kaka da kakanni, ko da yake hanyar da suka bi wajen nemansa ba irin tamu ba ce.

Wasannin dutse iri-iri ne. Akwai tafiyar ƙasa zalla, wadda mutum zai saɓa jakarsa da guzurinsa ya bi turbar da ke hawa tudu tana gangara kwari, yini guda ko kwanaki, ba ya bukatar kome sai lafiyayyar ƙafa da takalmi mai riƙe ƙasa. Wannan ita ta fi yawan mabiya a duniya, ita ce kuma ta fi kusa da mu. Akwai hawan bangon dutse wanda ke tsaye kyam, inda mai hawa yake laluben 'yar tsaga ko ɗan ƙullutun da yatsa zai kama, da igiya ɗaure a ƙugunsa, abokinsa na riƙe da ɗaya bakin yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan, don in ƙafa ta zame igiyar ta tare shi. Wannan nau'i ya bunƙasa har aka shigar da shi gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo a 2021, a kan bangon da aka gina takanas domin haka. Sa'an nan akwai babbarsu, watau neman ƙololuwar manyan duwatsun duniya. Su kansu Turawa sun daɗe suna tsoron duwatsunsu, sai a 1786 wani likita mai suna Michel Paccard da wani mafarauci mai suna Jacques Balmat suka kai kan Mont Blanc, a tsakanin Faransa da Italiya, daga nan sha'awar ta yaɗu har aka kafa ƙungiyar masu hawa a Landan a 1857. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary na ƙasar Niyu Zilan da Tenzing Norgay na ƙabilar Sherpa suka taka kan Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a bayan ƙasa da mita 8,849. Mace ta farko da ta kai can ita ce Junko Tabei 'yar Japan a 1975, baƙar fatar Afirka na farko kuwa shi ne Sibusiso Vilane, a 2003.

Wahalar irin wannan hawa ba ta tsaya ga nisan tafiya ba. Masana sun auna sun ga cewa duk mita 1,000 da mutum ya ƙara sama, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, wanda shi ne dalilin samun ƙanƙara a kan Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, mai mita 5,895, alhali kuwa yana yankin da rana ta fi ƙarfi a duniya. Iskar shaƙa ita ma raguwa take yi, har ya zama a kan Everest abin da numfashi ɗaya ke kai wa jini bai wuce sulusin abin da yake kaiwa a bakin teku ba. Da zarar an haura mita 2,500 wasu sukan fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya da rashin barci, kuma ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan cuta. Rigakafinta hawa a hankali, maganinta kuwa saukowa. Wani rangwame da aka yi mana shi ne duwatsunmu ba su kai wannan haddi ba, domin Chappal Waddi da ke gandun Gashaka Gumti a Jihar Taraba, wanda ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne, ƙololuwar Bagazam ta ƙasar Azbin kuwa, wadda ta fi kowacce a Nijar, mita 2,022.

Yanzu sai mu saurari dattijon Baure, domin yana da magana, maganarsa kuwa ba ta yarwa ba ce. Zai ce, "Kai ɗana, mu da muke sammako da hauya tun gari bai waye ba, mu yi shuka, mu yi noman fari da maimai, mu ja guga a rijiya mai gaba da yawa, mu kora dabbobi kasuwa mu dawo a ƙasa, wace wahala ce kuma ta rage da za mu tafi nema a kan dutse? Ai wanda ya rasa aikin yi shi ke sayen gajiya da kuɗinsa." Haƙiƙa akwai gaskiya a cikin wannan, kuma bai kamata mai son wasan ya ɓoye ta ba. Tenzing Norgay kansa da dako ya fara, yana ɗaukar kayan Turawa don neman abin kai wa bakin salati, kuma har gobe a Kilimanjaro da duwatsun Nepal talakawan wurin ne ke ɗauke da tantuna da tukwane da abinci, su riga baƙo isa masauki su dafa masa, sa'an nan baƙon ya koma garinsu a yi ta yabonsa. Duk wanda zai yi maganar ma'anar hawan dutse bai ambaci waɗannan bayin Allah ba, to, ya tauye mudu.

Amma ina da amsa ga Baba, cikin ladabi. Zamanin da ya horar da ƙafarsa ba shi ne ke horar da jikokinsa ba. A yau saurayi yakan hau babur don zuwa unguwar da ake jiyo kiran sallarta, ya yini a gindin bishiya kansa sunkuye a kan waya, jikinsa bai gaji ba amma zuciyarsa ta gaji tiɓis da labaran duniya da kwaɗayin abin da ya gani a hannun wasu. Ga hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake jingina su ga masu hali na birni, sun fara zama ruwan dare a karkara, har Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar kowane baligi da ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Bayan wannan kuma, akwai bambanci babba tsakanin wahalar da lalura ta ɗora wa mutum da wadda ya ɗora wa kansa da niyya. Wanda ya rasa abinci da mai azumi duka yunwa suke ji, amma na farko zuciyarsa tana ga tukunya, na biyu kuwa yunwar ce take buɗe masa ƙofar tunani. Haka manomi a gona, hankalinsa yana ga ruwan sama da bashin taki da abin da rumbu zai samu, kuma daidai ne ya kasance haka. Wanda ya fita don tafiyar kanta kuwa ba ya jiran ta haifar masa da kome, saboda haka idonsa da zuciyarsa suna da sararin kallo.

Kada kuma a ɗauka Bahaushe bai san dutse ba sai da Bature ya nuna masa. Tarihin Kano da Dala ya fara, inda masu binciken kufai suka sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya, inda kuma littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, mai hidimar Tsumburbura, wanda ba ya saukowa daga dutsen sai kwana biyu a shekara. Zazzau tana da Turunku da Kufena, waɗanda sunayensu ba sa rabuwa da na Bakwa da Amina. A Kwatarkwashi ta ƙasar Zamfara, kusa da Gusau, an yi zamanin da samari ke hawan dutsen garin a lokacin biki don kamo maiki daga ramukansa, wanda lalle jarrabawar jaruntaka ce da ba ta gaza ta masu igiyar zamani ba. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsun Mesa da Habude, da wasu duwatsu masu amo in an ƙwanƙwasa su, waɗanda wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Gobirawa kuwa suna danganta asalinsu da duwatsun Azbin. Sai dai in mun duba da kyau za mu ga cewa kakanninmu sun fi kusantar dutse ta fuska biyu, tsoro da fakewa: ko dai a ɗauke shi mazaunin iskoki a kai masa yanka, ko kuwa a gudu kansa in dawakin abokan gaba sun taso, kamar yadda Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a shekarun 1840 suka shige duwatsun Ningi, inda suka gagari mahaya shekaru masu yawa. Sarakunan Haɓe na Daura, da jihadi ya fitar da su daga birninsu wajen 1805 har zuriyarsu ta kafu a Zango da Baure, ba su da irin wannan mafaka, sai suka jingina da ƙarfin Damagaram.

Musulunci shi ya ɗauke wa dutse wancan tsoro na jahiliyya, ya mayar da shi aya daga cikin ayoyin Ubangiji, abin dubawa da tadabburi ba abin bauta ba. Alƙur'ani mai girma ya siffanta duwatsu da turakun ƙasa a Suratun Naba'i, a Suratul Gashiya kuma ya yi kira ga mutane su dubi halittu huɗu, raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, su lura da yadda aka kafa na uku aka kuma shimfiɗa ta huɗu. Mutumin Baure ya san raƙumi, ya san sama fiye da mutumin birni, ya san shimfiɗar ƙasa fiye da kowa, saura ɗaya. Ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ya yi tattaki, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa, ya je ya dafa dutse da hannunsa ya ji nauyin abin da yake karantawa a allo tun yana yaro. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Dutsen Ɗuri aka yi magana da shi. Jirgin Annabi Nuhu a kan Judiyyu ya daidaita. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun kafin a aiko shi yakan bar hayaniyar Makka ya hau zuwa kogon Hira ya yi halwa ta darare, in guzurinsa ya ƙare ya sauko wurin Nana Hadiza ya ƙaro, kuma a can wahayi ya fara sauko masa. Alhazanmu da suka taɓa gwada hawan wannan dutse sun san ba ƙaramin aiki ba ne, ko da yake wajibi ne a tuna abin da malamai suke nanatawa, cewa hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji, kuma bai dace tsoho ko mai rauni ya jefa kansa cikin halaka dominsa ba.

Akwai wani darasi a cikin Hijira wanda ya shafi maganarmu kai tsaye. A shekarar 622, da Manzon Allah da Sayyidina Abubakar suka fake a kogon Sauru kwana uku, ba su fita haka kawai ba: an tanadi raƙuma, an shirya wanda zai riƙa kawo labari, Nana Asma'u tana kai abinci, an kuma yi ijara da wani masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, don ya bi da su ta turbar da Ƙuraishawa ba su zata ba. Wanda ya fi kowa tawakkali bai raina guzuri da jagora ba, balle waninsa. Matafiyan Musulmi na baya ma sun bi wannan sunna ta siyaha da idon lura. Ibn Baɗuɗa, wanda ya ratso Takedda ta gefen Azbin a 1353 har ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin, shi ne dai wanda shekaru tara kafin haka ya hau dutsen Sarandib, a tsibirin da ake kira Siri Lanka a yau, inda aka kafa sarƙoƙi a wuraren da suka fi tsayi don mai hawa ya riƙa kamawa, ya kuma ba da labarin cewa ta ƙarshensu ana danganta ta da kalmar shahada, saboda duk wanda ya kai gare ta ya dubi ƙasa sai tsoro ya sa ya ambace ta.

To, mene ne ainihin abin da mai hawa yake samu? A ganina babbansa shi ne abin da malaman tasawwufi suke kira hallarar zuciya, watau mutum ya kasance gaba ɗayansa a inda yake. Kowa ya san yadda zuciya ke yawo ko a cikin salla, ta tafi kasuwa ta dawo, ta ƙirga bashi, ta sake tada faɗan da aka yi shekaranjiya, kuma kowa ya san irin mujahadar da ake sha kafin a tsayar da ita wuri ɗaya. Amma sa'ad da mutum ya kai wurin da dutse ya miƙe, numfashinsa ya yi sama, gwiwarsa ta fara rawa, ya zama ba abin da ke gabansa sai inda zai ɗora ƙafar dama da abin da hannun hagu zai kama, sai ya tarar duk waɗancan baƙin sun watse ba tare da ya kore su ba, ya ji wani irin shiru a cikin ƙirjinsa wanda wataƙila ya shekara bai ji irinsa ba. Ba na cewa wannan ibada ce, kuma kuskure ne babba a daidaita su; abin da nake cewa shi ne wanda ya ɗanɗani wannan hali sau ɗaya ya san cewa zuciyarsa tana iya natsuwa, ya kuma san abin da zai nema in ya tsaya a kan sallaya. Tare da wannan akwai sanin gwargwadon kai, domin saurayin da ke cika baki a gindin dutse sau da yawa shi ke fara neman wurin zama, wani siririn yaro da ba a kula da shi ba kuwa ya wuce a hankali bai ko yi haki ba, ɗan hakimi da ɗan talaka su sha ruwa a gora ɗaya, a kuma tilasta wa mai sauri ya jira na baya, tun da ƙa'idar tafiyar ita ce ba a barin kowa.

Sa'an nan ga hange. Wanda ya hau matakalar Dala ya tsaya a kansa, mita 534 bisa teku, zai ga Goron Dutse a gefe, ya ga hasumiyoyin babban masallaci da Gidan Rumfa da rufin Kasuwar Kurmi, ya ga birnin da ya ruɗe shi da cunkoso sa'a guda da ta wuce ya kwanta a gabansa da tsari, har ya iya nuna inda ya fito da inda za shi. Kanawa sun san daɗin wannan, shi ya sa a ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, a watan da mu a Daura muke Sallar Gani, dubban mutane maza da mata da yara sukan yi ɗango su hau Dala. Mutumin da ya saba ganin duniya daga tsayin idonsa kaɗai, in ya ga gari daga sama, da wuya ya sauko bai rage wa damuwarsa girma ba.

Hukuma ma ta daɗe da fahimtar cewa dutse makaranta ne. Ƙungiyar Man O' War, wadda duk wanda ya yi sakandare ko bautar ƙasa ya san kakinta, ta samo asali ne daga wata cibiyar horo da wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa a 1951 a wani lungun teku mai wannan suna kusa da Biktoriya, garin da ake kira Limbe a Kamaru a yau, inda ake tara samari daga sassa daban-daban, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarakuna, a sa su aikin gayya da iyo da hawan Dutsen Kamaru. Daga baya cibiyar ta dawo Nijeriya, kuma makarantarta ta dutse tana duwatsun Shere a gefen Jos, masu kai mita 1,829. Manufar ba fitar da gwanayen hawa ba ce. So ake yaron da zai riƙi amanar jama'a gobe ya san yadda tsoro yake, ya san yadda ake danne shi, ya kuma taɓa riƙe igiyar da ran wani ke rataye da ita.

Duk da haka dutse ba abokin wasa ba ne, kuma labarin Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shigo ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya isa izina. A watan Yuli na 1850, ayarinsu na kusa da Gat a kan hanyarsu ta zuwa Azbin, ya ƙudura sai ya hau dutsen Idinen, wanda Buzaye ke cewa fadar aljannu ce suka kuma ƙi raka shi. Ya tafi shi kaɗai da ɗan ruwa kaɗan, ya kai sama a galabaice, a wajen dawowa ya ɓace, ruwansa ya ƙare, ya kwana a daji, har ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyarsa ya tsotsi jininsa, kafin wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Da ajalinsa ya zo a ranar, da bai ga Katsina da Kano a 1851 ba, da kuma an yi hasarar labarin ƙasarmu da ya rubuta. Abin da ya kusa halaka shi raina shawarar 'yan ƙasa ne da tafiya shi kaɗai da ƙarancin ruwa, kuma har yau su ne ke halaka mutane, sai kuwa wata cuta ta zamani da ta ƙaru a kansu, watau riya, inda yaro zai matsa bakin gaɓa don ya ɗauki hoton da zai burge abokai. Masu hawa sun daɗe da lura cewa haɗari ya fi yawa a wajen saukowa, lokacin da gajiya ta taru, murna kuma ta sa an saki jiki.

Saura mu ce ina mutumin Baure zai dosa. Ba sai ya yi mafarkin Kilimanjaro ba. Tuddan Kazaure, waɗanda duk mai bin hanyar Daura zuwa Kano yake gani ta tagar mota, da duwatsun Roni da ke maƙwabtaka da su, tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Dala da Goron Dutse suna nan ga wanda ya shiga Kano. Garin Dutse da Birnin Kudu sun dace da ɗaliban da ake so a haɗa musu hawa da tarihi. Wanda kuma ke da 'yan'uwa a Damagaram, in hanya ta buɗe takardunsa kuma sun cika, ya san manyan duwatsun da tsohuwar unguwar Birni ta ginu a tsakaninsu. Amma Kwatarkwashi da dazuzzukan yammacin Katsina, a halin da ake ciki na rashin tsaro, haƙuri ya wajaba har Allah ya kawo sauƙi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da amfanin gona ya shiga rumbu, zafi ya karye, hazo kuma bai yi kaurin da zai rufe hange ba; da damina dutse yakan yi santsi ga kuma tsawa, da bazara kuwa yakan ɗau zafin da tafin hannu ba ya jurewa. A fita da asuba, kowa da ruwansa lita biyu ko uku, da dabino ko ƙuli-ƙuli, da takalmi mai ɗauri, ba silifa ba. A fara da gaida mai gari a nemi izini, a roƙe shi ya haɗa ayarin da wani mafarauci ko makiyayi da ya san wurin, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba. Kada a sa hannu a ramin da ido bai gani ba, saboda kububuwa da kunama, kada kuma a tsokani zumar da ke tsagar dutse. 'Yan mata su ma suna da haƙƙi a cikin wannan, a tsara musu tasu tafiyar tare da malamansu mata da yardar iyaye.

Wannan aiki ne da shugabannin makarantun sakandare da na Islamiyya da ƙungiyoyin samari na Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa da Daura za su iya ɗauka ba tare da jiran gwamnati ba, domin kuɗinsa bai wuce na mota da abincin rana ba, kuma malamin labarin ƙasa da malamin tauhidi duka za su sami abin koyarwa a tafiya ɗaya. Abin da ya fi ƙarfinsu, wanda sai sarakuna da ƙananan hukumomi sun sa hannu, shi ne kare duwatsun kansu. Masu fasa dutse da nakiya don tsakuwar gini suna cin tuddai da dama a Arewa, gidaje sun matse Dala ta kowace fuska, wasu masu ziyara kuma sukan bar leda da rubutun fenti a inda suka zauna. Ba wanda zai hana a fasa dutse, tun da gini da hanya suna bukatarsa, mutane da yawa kuma da shi suke ci da iyalinsu; amma ya kamata kowace masarauta ta zauna da masana tarihi da dattawan wuri, ta ware duwatsun da ke da kufai ko zane ko hanyar hawa mai kyau, ta rubuta sunayensu, ta shata musu iyaka, ta kuma sanar da masu ba da lasisin haƙa cewa waɗannan ba sa cikin ciniki.